Baba Sikeli da Jirgin Gwangwani

Sunansa Asemo Huletove. Rubutawa na yi, ban faɗa da bakina ba, don wan mijina ne, kuma a wajenmu mace ba ta kama sunan wan mijinta sai in tana so a tara mata dangi. Yaya nake ce masa. Sauran mutanen garinmu Goroka kuwa Baba Sikeli suka sani, tun yana helman masu loda kaya a filin jirgi. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana aikin lodi, tun daga lebura har helma, kuma duk wanda ya taɓa kai kaya filin nan yana da labarin da zai ba ka a kansa, yawanci cikin fushi.

Ni ma ina da nawa. Ina amarya zan tafi garin Madang a jirgi wajen yayata, na cika jakar saƙa da kabeji da karas na tsaraba. Na ce ai wan mijina ne helma, magana ta ƙare. Ya ɗaga jakar da yatsa biyu, ko sikelin bai kalla ba, ya ce, "Mirisa, kin haura da kilo uku. Cire kabeji biyu."

Na ce, "Haba Yaya, ni ce fa!"

Ya ce, "Ai na gane ki. Jirgin ne bai san ki ba."

A gaban jama'a na durƙusa ina tone jaka. Wata guda ban gaishe shi ba, shi kuwa ko a jikinsa. Haka yake da kowa. Ya taɓa sauke akwatin littattafan fastonmu, ya taɓa sa wani mai kuɗin gahawa ya hau sikeli da katon cikinsa mutane suna dariya.

Abin da mutane ba su sani ba, ni ma sai da na yi furfura na sani, shi ne sau ɗaya a rayuwarsa ya saka kaya a jirgi bai rubuta su a takarda ba. Jirgin ya faɗo, aka ɗora wa wani laifin, shi kuma ya ja bakinsa ya yi shiru. Jirgin gwangwanin da ya ƙera bayan ya ajiye aiki ba don nishaɗi ya yi shi ba. So yake ya san ko kayan nan ne suka kayar da jirgin, kafin shi ko mutumin da aka ɗora wa laifin ɗayansu ya mutu.

Farkon abin dai mun ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Sati biyu da ajiye aiki ya kafa wata rumfar kwano tsakanin gidansa da namu, ya sa benci, ya fara bin maƙwabta yana roƙon gwangwanin kifi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Mosbi, babban birni, ba mai tsawata masa. Ya ce zai ƙera Bristol, jirgin kayan da ya fara aiki da shi yana saurayi. Duk wanda ya girme ni ya san jirgin nan. Mummuna ne, gaskiya, ƙaton kai, ƙafafu a waje ba ya naɗe su, ga ƙarar da ke sa kaji su daina ƙwai. Hancinsa kan buɗe biyu, a tura masa mota sukutum ya haɗiye. Kafin titin da ke gangarawa daga tsaunukanmu ya yi kyau shi ke kwashe mana gahawa zuwa bakin teku, ya dawo mana da siminti da kwanon rufi da shinkafa.

Wani mushen irin jirgin yana yashe a cikin ciyawa a bayan wani tsohon sito a garin Lae, can bakin teku. Sau huɗu Yaya ya shiga motar haya ya gangara, da igiyar awo da littafi a aljihu, ya rarrafa cikinsa duk da zanzaro da macizai, ya auna komai tun daga hanci har wutsiya. Zuwansa na biyar ya tarar masu sayen tsohon ƙarfe sun yanka shi sun yi gaba. Ya dawo ya ci gaba da abin da ke cikin littafinsa. Duk abin da ya auna sai ya raba goma. Jirgin nasa ya fito tsawon mutum da ɗoriya, fukafukansa kuwa sai da ya rushe bango ɗaya na rumfar ya ƙara mata faɗi.

In ka ga yadda yake aikin sai ka ji haushi, kuma ka kasa ɗauke ido. Zai yanka gwangwani, ya miƙar da shi da kwalba a kan katako, ya goge da yashi har rubutun ya fita, sannan ya yanka shi daidai girman falle ɗaya na jikin jirgin. Haƙarƙarin ciki da ƙarfen lema ya yi shi. Tagogi da robar kwalbar ruwa. Ƙusoshin jikin jirgi, waɗanda ba mai hankalin da zai ƙirga, shi ya ƙirga su, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da bakin allura. Falle ɗaya yakan ci masa wuni, in bai yi masa ba ya ɓamɓare ya sake.

Ana nan sai tukunyar shinkafata ta ɓace. Na zargi 'ya'yan maƙwabta, na yi faɗa da mata biyu a bakin famfo. Bayan sati sai ƙanwarta ma ta bi ta. Ranar da na leƙa rumfar na ga tukwanena manne a fukafukai, an huda musu gindi an sa farfela, na ɗora hannu a ka.

"Yaya! Tukwanena ne waɗannan?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Injuna ne. Faɗinsu ya yi daidai, na zaga kasuwa kaf ban samu irinsu ba."

"To a me zan dafa wa ƙanenka abinci? A farfela?"

"Seho ya yi ƙiba ai. Rage masa."

Ya sayo mini wasu, amma ba su kai nawa ba, kuma har yau ban yafe ba.

Masu wucewa zuwa kasuwa sukan tsaya a bakin shinge su yi masa tsiya. Wani ya ce, "Baba Sikeli, yaushe za a tashi? A ajiye mini kujera ta taga!" Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai sai dai jirgin ruwa." Wata ta ce ya ƙera mata matuƙi ɗan saurayi a ciki. Ya ce matuƙa ba sa auren masu surutu. Haka ya yi shekara shida yana abu ɗaya, mutane suka gaji da tsokana suka koma kallo.

A shekara ta shida ne ya shigo shagon ɗinkina da rana tsaka, ya ajiye wani ɗan buhu na takarda da bai kai tafin hannu ba. Ya ce yana so in ɗinka masa irinsa guda tamanin da zaren buhu, da wasu huɗu masu ɗan girma.

Na ce, "Tamanin? Yaya, ina da rigunan matan coci goma sha biyu a gabana. Wasan yara zan bar su in yi?"

Ya ce kowane buhu za a cika shi da tsakin gahawa har ya kai giram sittin cif. Ya ce in ka rage tsawon abu da faɗinsa da tsayinsa sau goma, nauyinsa sau dubu yake raguwa, don haka duk kilo ɗaya na babban jirgi giram ɗaya ne a nasa. Ashe shi ya sa yake ta auna jirgin a sikelin mahauta yana cusa dalma nan, yana cirewa can. Har man da ke cikin fukafukai ya zuba masa dalma daidai nauyinsa.

Na kashe keken na ce, "Wannan ba abin ado ba ne. Ba zan sa allura ba sai ka faɗa mini me kake nema."

Ya leƙa titi. Sannan ya tashi ya tura ƙofar shagon, ya dawo ya zauna a kan kujerar masu jiran ɗinki.

Ya ce a shekarar 1968 ne, yana ɗan ashirin da huɗu, watansa uku da zama helma. Matuƙin jirgin wani Bature ne ɗan Ostireliya, Kyaftin Desmond Trewin, shi ya koya masa karanta takardar kaya, shi ya tsaya masa aka ba shi helma duk da yarintarsa. Ranar nan an gama loda buhun gahawa tamanin, an rufe hancin jirgi, Kyaftin ya sa hannu a takarda ya hau sama wurin tuƙi. Sai ga Bihore, yayan matar Yaya, da jama'arsa, da buhun dankali huɗu da aladu biyu, kayan bikin ɗansa da za a yi a Madang. A gaban leburori duka ya kama hannun Yaya ya ce, "Suruki, ka taimake ni."

Wanda bai san mu ba zai ce ai sai ya ce a'a. Yayan matarka, wanda ya karɓi kayan aurenta da hannunsa, ya roƙe ka a gaban mutane? In ka ƙi, ranar matarka za ta naɗe tabarmarta, kuma ba wanda zai ce ba ta kyauta ba. Akwai wata ƙaramar ƙofa can baya kusa da wutsiya, inda matuƙi ba ya gani. Ta nan suka tura dankalin, suka ɗaure wa aladun baki da ƙafa suka jefa su a kai.

Jirgin ya yi gudu, ya tashi, sai hancinsa ya ci gaba da ɗagawa har mutane suka ga bayansa duka. Ya tsaya cak a sama, ya karkata, ya faɗo cikin ciyawa bayan ƙarshen fili. Allah ya taimaka bai kama da wuta ba. Leburori ne suka fara isa. Yaya da wasu suka zaro Kyaftin da mataimakinsa da rai, sauran kuma ba wanda ya ce musu komai suka kwashe dankali da aladu suka shige daji. Masu bincike suka zo daga bakin teku, suka ƙirga buhu tamanin, suka duba takarda suka ga tamanin, suka ce matuƙi ne ya yi garajen ɗaga hanci. Aka ƙwace masa lasisi. Ya koma Queensland a ƙasarsu da karyayyen ƙugu, ya ƙare rayuwar aikinsa yana tuƙa motar rake.

Yaya ya ce, "Kuma duk Kirsimeti sai ya aiko mini da kati, Mirisa. Bai taɓa tsallake shekara ba."

Na ce, "Seho ya sani?"

"Seho ne ya gudu da buhu na uku. Yana ɗan sha shida."

Kai! Mutumin da nake kwana da shi ɗaki ɗaya shekara talatin da biyar! Na ce, "To me ya hana ka faɗa tun lokacin?"

Ya ce, "Da farko tsoron kurkuku, da tsoron dangi. Daga baya sai na ce wa kaina kilo ɗari huɗu a jirgin da ya kai tan ashirin ai ba komai ba ne, wataƙila da gaske hannun Kyaftin ne. Shekara arba'in ina faɗa wa kaina haka, ko sau ɗaya ban yarda ba. Kuma ban ƙaryata ba. Ina so in gani da idona."

Ya fito da wani ɗan littafi da ya ci duniya, na koyon lodi, wanda Kyaftin ɗin ya ba shi. Ya nuna mini zanen jirgin, da layi biyu a gindin fiffike. Ya ce dole tsakiyar nauyin jirgi ta faɗa tsakanin layukan nan. In ta wuce layin baya, jirgi zai ɗaga hanci ya ƙi jin sitiyari, ko wane ne a kai. Don haka zai rataye nasa da igiya daidai kan layin baya, ya loda shi yadda ya loda wancan. In hanci ya ci gaba da rinjaya, to ba kayansa ba ne. In wutsiya ta sauka, shi ne.

Na ɗinka buhunan. Ban taɓa yin aikin da ya ci mini rai irin wannan ba. Ya samo ɗan sikelin masu sayen zinariya, duk buhun da na kai sai ya ɗora, ya ce, "Ya haura, farke." In farke, ya cire ƙwayar tsaki uku da hantsaki, in sake ɗinkewa. Wata rana na jefe shi da ƙwaryar zare, ya ɗauka ya miƙo mini ya ce saura hamsin da ɗaya. Aladun kuwa da yumɓun kogin Asaro ya gina su, ya shanya, ya yi ta kankarewa da wuƙa. Ya sassaƙa matuƙa biyu da katako, ya huda musu ciki ya zuba dalma, don ya san nauyin kowannensu, shi ke ɗora mutanen biyu a sikeli duk wata lokacin da suke aiki tare. Ban ga mutum mai tsoron ya cuci awo irinsa ba, ko da awon a kansa zai faɗi.

A shekara ta takwas wasiƙa ta zo daga Lorna, 'yar Kyaftin. Ta ce mahaifinta ya cika saba'in da shida, zuciyarsa ta fara ba shi wahala, yana so ya ga Goroka sau ɗaya kafin likitoci su hana shi hawa jirgi. Za su zo a watan Satumba, kuma sunan mutum ɗaya yake ta kira, Asemo. Daga ranar Yaya ya daina zuwa ko'ina sai coci. Ya gama ƙyauren hanci, ya shafa fenti, ya rubuta lambar jirgin da ya faɗo a jikinsa.

Saura kwana tara su iso ya kira ni da Seho da safe. Ya ratayo jirgin daga katakon rufi, yana lilo a hankali, hancinsa ƙasa. Ya buɗe hancin ya fara tura buhuna da wani dogon tsinke, sahu sahu, yana ɗaure kowane sahu da zare yadda suke ɗaurewa da igiya. Da tamanin suka cika, hanci na nan ƙasa da kamar faɗin yatsa biyu. Ya zagaya baya ya buɗe 'yar ƙofar. Dankali na farko, na biyu, jirgin ya ɗan motsa. Na uku, na huɗu, ya miƙe sambal. Ya saka alade ɗaya. Wutsiyar ta fara sauka a hankali, tun bai saka na biyun ba, har ta je ta taɓa bencin.

Ya ciro aladen ya kankare shi, ya ce wataƙila ƙwaƙwalwarsa ta ƙara masa nauyi. Ya rage dankalin ma, ya mayar da komai mafi ƙarancin abin da zai iya rantsewa a kai. Wutsiya ta sake sauka.

Seho ya goge gumi ya ce, "Yaya, igiyar nan in ka matsar da ita baya kaɗan, ɗan faɗin farce, ai shi ke nan. Wa zai sani?"

Yaya ya bar igiyar inda take.

Seho ya ce, "To ka yi tunani. Bihore ya mutu, amma 'ya'yansa suna nan, za su ce ka tone kabarin ubansu. In Baturen ya ce a biya shi ƙugunsa fa? Aladu nawa ke nan za mu bayar diyya? Duk zuriyarmu za ka jawo wa."

Ni da na zo da niyyar zagin Seho, sai na tsinci kaina a bayansa. Tsoro nake ji, kuma tausayin tsohon nan ya kama ni. Na ce, "Yaya, ka ji tawa. Mutumin nan zuciyarsa ba lafiya. Nuna masa jirgin ba kaya, ya yi murna, ya ci abinci, ya koma gida ya mutu cikin kwanciyar rai. Kai ka riga ka sani, Allah ya sani. Bai isa ba?"

Ya ce, "Wane kwanciyar rai? Shekara arba'in da huɗu yana ɗauke da kayana, Mirisa, kuma ba su cikin takardarsa. Sai na sauke masa."

Na ce, "In ya tsine maka fa?"

"Haƙƙinsa ne."

Da yammacin ranar ya saka farar rigarsa ta coci ya tafi gidan 'ya'yan Bihore shi kaɗai ya faɗa musu abin da zai yi. Ban san me aka ce masa ba. Ya dawo da ƙurar hanya har gwiwa, kuma daga ranar babbansu ya daina amsa gaisuwarmu.

Ranar da baƙin suka zo na tashi da wuri muka gasa duwatsu, muka jera kaji da dankali da ayaba da ganye a rami muka rufe. Kyaftin Trewin ya sauko daga mota da sanda, dogo, siriri, yana jan ƙafa ɗaya. Harshenmu na kasuwa yake ji, irin na da, wanda yanzu sai tsofaffi. Yana hango Yaya ya ɗaga sandar ya yi ihu, "Asemo! Kai tsohon banza, ina ka kai gashin kanka?"

Yaya ya ce, "Inda ka kai haƙoranka, Kyaftin."

Suka rungume juna suna dariya, Lorna tana ɗaukar hoto. Na so a fara cin abinci, ko don a ja lokaci, amma Kyaftin ya riga ya hango fiffike ta ƙofar rumfa.

Ban taɓa ganin tsoho ya koma yaro a gabana haka ba. Ya zagaya jirgin yana taɓawa da ɗan yatsa. Ya leƙa ciki ya ga tsanin da suke hawa zuwa wurin tuƙi. Ya ga lotsawar da ke gefen ƙyauren hagu ya fashe da dariya, ya ce, "Lorna, zo ki gani! Nan ne tarakta ta buge mu a Madang. Har wannan ka tuna, ɗan nema?" Ya karanta lambar jirgin a fili, sai dariyar ta ɗan rage, amma ya ce, "Ya yi kyau, Asemo. Ya fi na gaskiyar kyau."

Yaya ya jawo masa kujera ya ce, "Zauna, Kyaftin. Zan loda maka shi."

Ya nuna masa inda igiyar take. Kyaftin ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce layin baya ne, daidai. Yaya ya fara tura buhuna yana ƙirgawa da ƙarfi yadda suke yi a fili, Kyaftin yana amsa masa duk goma, yana murmushi. Da aka kai tamanin ya ce, "Rufe hanci, mu tafi."

Yaya ya rufe. Ya ce, "Iyakar abin da ke takardar da ka sa wa hannu ke nan." Sannan ya ciro sauran daga aljihunsa ya jera su a tafin hannu a gaban tsohon. "Waɗannan ba su ciki. Buhun dankali huɗu da aladu biyu, na surukina. Ni na saka su ta ƙofar baya bayan ka hau sama. Da kuka faɗi muka kwashe kafin kowa ya zo."

Ya saka su ɗaya bayan ɗaya. Wutsiya ta sauka ta taɓa benci, hancin jirgin ya kalli rufin kwano.

Lorna ta sauke abin hotonta. Seho ya sulale waje. Kyaftin bai motsa ba, sai jini da ya bar fuskarsa, har na matsa kusa da bokitin ruwa. Can ya ce, da wata murya da ba irin ta ɗazu ba, "Sake."

Yaya ya ciro su, jirgin ya dawo. Ya mayar, wutsiya ta sauka.

"Sake."

Sau uku yana sa shi. Sannan ya ɗaga hannuwansa biyu yana kallonsu. Ya ce, "Na faɗa musu. Na ce na tura sitiyarin gaba har ya ƙure, bai ji ba. Suka ce ruɗewa na yi. Suka yi ta faɗa har ni ma na yarda." Ya juya wajen 'yarsa, hawaye na bin kumatunsa bai ko share ba. "Lorna, kin gani? Ba ni ba ne. Mahaifiyarki ta tafi ba ta sani ba."

Lorna ta durƙusa ta riƙe shi. Ta ɗago ta kalli Yaya da idon da ban so in sake ganin irinsa, ta ce masa wani abu da Turanci da sauri. Ban ji duka ba, amma ba godiya ba ce. Yaya yana tsaye, hannu a gefe, bai sunkuyar da kai ba, bai kuma kare kansa da komai ba. Ya ce kawai ya rubuta duk abin da ya faru ya sa hannu a gaban fasto, takardar tana nan, su kai ta duk inda suka ga dama. Ni da na ce a ɓoye, kunya ta kama ni, don ban taɓa ganin namiji ya tsaya irin tsayuwar nan ba.

Hayaƙin ramin abinci yana ta shigowa rumfar. Kyaftin ya goge fuska da hularsa. Bai kalli Yaya ba, jirgin yake kallo.

Ya ce, "Cire su."

Yaya ya sa tsinke ya zaro aladun, ya zaro dankalin. Wutsiya ta tashi daga benci, jirgin ya yi lilo kaɗan, hancinsa ya dawo ƙasa ya tsaya. Tsohon ya miƙa hannu ya dafa ɗan gilashin wurin tuƙi da yatsa, ya daɗe a haka.

Ya ce, "Da na kai shi Madang."

Yaya ya ce, "Da ka kai shi, Kyaftin."